Yadda Aka Kore Ni da Baba Daga Fim a Damagaram

Tun da muka dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na buɗe gidan kallona a Makoɗa, kafin in tayar da janareta an cika benci, ba don ƙwallo ba, don a ji labari. Wasu tambaya suke yi tsakani da Allah. Wasu kuma, irin su Idi mai faci, so suke in buɗe baki su yi dariya, don Nura, yaron da ya kai mu can, ya riga mu isowa ya baza cewa ƙauyanci ya sa aka kore mu. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Eh, an kore mu. Kuma da za a sake, wallahi a ƙofa zan tsaya in jira a sake korar mu.

Kun san ni da finafinan yaƙi. Ni na fi kowa saka su a garin nan, musamman irin waɗanda sojan Turawa zai ɓace a daji, wata ƙabila ta tsince shi, kafin damina ta zagayo ya iya harshensu, ya fi su harbi, ya auri 'yar sarkinsu, ƙarshe ya ja su yaƙi. Ina son su har raina. Amana, riƙon alkawari, mutum ya mutu saboda abokinsa, me ya fi wannan daɗin kallo? Ban taɓa tambayar kaina me mutanen da ke tsaye a bayan Baturen suke ji ba.

Ran kasuwa ne Nura ya ga Baba. Nura yaron Kano ne, aikinsa nemo wa masu fim mutane, bakinsa ba ya hutawa. Ya tarar da Baba zaune a kan buhun gyaɗa, dogo, ga zane a kumatu, ga farin gemu, sai ya tsaya kamar ya tsinci zinare. Da ya ji cewa Baba tsohon maharbi ne, har bakan kakanmu yana nan, sai ya tsuguna. Wai wasu Turawa na yin fim a bayan Damagaram, suna neman wanda zai fito sarkin ƙabila. Baba ya ƙi. Nura ya yi ta sintiri gidanmu har Baba ya gaji, ya ce zai je don ya ga ƙasar da kakarsa ta fito, amma ba ya tafiya shi kaɗai.

Kowa ya ɗauka da Sale zai tafi. Sale ƙanina ne, shi ke bin Baba daji tun yana yaro, kuma duk gidan an san bakan nan hannunsa zai faɗa. Amma Sale yana tsakiyar cirar gyaɗa, sai Baba ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yayan Sale ya shirya."

Yayan Sale, ni ke nan. Sunana Haruna, na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin mahaifina ba. Ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa kamar alwala take. Ba ya kiran sunana, ba ya yabona, ko kallona sai ta gefen ido. Na san al'ada ce, kada wani ya tashi yi mini wa'azi. Amma ka wuni kana jin "Sale, zo," "Sale, Allah ya yi albarka," kai kuwa sai "kai" da "wancan," in ka ce ba ya ci maka rai ƙarya kake. Ni dai yana ci mini, kuma na daɗe ina son in ji sunan nan daga bakinsa ko sau ɗaya kafin ɗayanmu ya bar duniya.

Muka kama hanya. Daga Makoɗa babur ya kai mu Ɗambatta, nan muka shiga bas. Rigimar farko a tasha aka yi ta. Kwandasta ya ce a jefa baka da kwari a but tare da buhunan barkono, Baba ya ce sai dai a jefa shi tare da su. Ƙarshe bakan ya shiga ta taga, kansa ɗaya a cinyar Baba, ɗayan yana zungurar ɗankwalin wata Hajiya a kujerar gaba. Daga Kazaure har Daura tana juyowa tana cewa, "Baba, ni ba barewa ba ce." Baba yana ba ta haƙuri, bakan bai matsa ba. Nura kuwa yana ta waya, yana gaya wa wani cewa ya taho da sarki sukutum.

A Kwangwalam muka sauka, bakin iyaka. Namu jami'an suka dubi kibiyoyin, suka dubi Baba, suka ce Allah ya kiyaye hanya. Can ɓangaren Nijar ne wani jandarma siriri ya zaunar da mu a rumfa. Ya karɓi katin Baba, ya juya shi, sannan ya nuna ni da baki.

"Tsoho, wane ne wannan a gare ka?"

"Yayan Sale ne."

"Wane ne Sale?"

"Ƙaninsa."

Jandarman ya ajiye katin. "Ni sunansa nake tambaya."

Na kasa kunne. Na ce a raina, yau dai hukuma ce ta tambaya, ba yadda zai yi. Baba ya gyara zama, ya dubi rufin rumfa, ya ce, "Yana da baki, ranka ya daɗe." Jandarman ya fashe da dariya har da buga tebur. "Ɗan fari ne ko? Ni ma haka tsohona yake mini. Ku wuce, ku wuce." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma tawa a leɓe ta tsaya.

Daga nan hanya ta miƙe ta Matamai har Damagaram. Mutanen can Hausawa ne kamar mu, sai dai Hausarsu ta sha Faransanci, kuma ba sa gaggawa. Da rana ta take sai gari ya mutu, kowa ya rufe shago ya kwanta, ko gobara ce sai la'asar. Mu da muka saba da Kano, inda mutum zai sayar maka da abu yana cikin sallama da wani, abin ya ba ni mamaki. An sauke mu a gidan wani mai kilishi a tsohon gari, ɗaki mai kaurin bango, sanyi kamar randa. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, Baba ya ƙwanƙwasa shi a tabarma ya tambaya ko na ci ne ko na tsaron gida. Amma tukuɗinsu, kai! Gero da dabino da cuku aka daka, a dama maka da ruwa, ka sha ka wuni ba ka nemi komai ba. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, zagaye bayan zagaye. Na shanye na farko na miƙe zan tafi, mai gidan ya riƙo rigata, wai tashi kafin na ƙarshe cin fuska ne. A wurinmu mai shayi so yake ka tashi wani ya zauna.

Wurin fim ɗin yana can cikin duwatsu, tafiyar mota daga gari. Sun gina ƙauye guda na bukkoki, an rataye ƙahonin shanu da ƙasusuwa ko'ina. Baba ya zagaya ya dawo ya tambayi Nura, "Ina rumbunsu?" Nura ya ce babu. "Rijiya fa?" Babu. Baba ya ce, "To Allah ya ji ƙan mutanen garin nan." An ba mu fatu mu ɗaura, aka shafa mana farar ƙasa a fuska. Baba ya yarda da fatar, ya yarda da farar ƙasar, amma da aka zo kan wando ya ce nan ne iyaka. Suka bar shi da wandonsa a ƙarƙashin fata.

Mutum uku ne suka shafe mu a can. Akwai darakta, wani Bature gajere mai jar fuska, kullum da tawul a wuya, mutum ne da ba ya tafiya sai gudu. Akwai tafintarsa, Zainabu, 'yar Damagaram, mace mai hankali, ita ke juya maganarsa zuwa Hausa tana rage mata zafi a hanya. Sai jarumin fim ɗin, saurayi dogo, wanda mutanen wurin suka laƙaba wa Ɗanbaƙo. Wannan yaron ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Da kansa ya zo ya tsuguna ya gaida Baba, ya ce "ina kwana" da la'asar sakaliya. Baba ya amsa masa da "lafiya lau" bai ko murmusa ba, ya buɗe jaka ya ba shi ƙuli-ƙulin gida. Daga ranar tare suke cin abinci. Baba ya koya masa riƙon baka, ya koya masa yin loma da hannun dama, in rana ta yi zafi ya matsa masa inuwa. Na zauna ina kallo, ina cewa a raina ga wani Salen kuma an samu.

Labarin fim ɗin irin wanda na haddace ne. Sojan ya gudo daga nasa mutanen, sarki ya karɓe shi, abokan gaba suka kawo hari, ɗan sarki ya mutu wajen kare baƙon. Ana neman wanda zai fito ɗan sarkin, sai darakta ya gan ni tsaye kusa da Baba, ya dubi hancina ya dubi nasa, ya tafa hannu. Haka na zama ɗan sarki ba shiri. Aikina ba wuya, in ruga da mashi, a harbe ni, in faɗi. Sau nawa na faɗi ban ƙirga ba, gwiwoyina dai sun san labari.

Sai aka zo babban wurin. Zan kwanta matacce a kan rairayi. Baba zai zo ya durƙusa, ya ɗaga kaina, ya ƙwala kiran sunana. Sannan ya zare bakan da aka rataya mini a ƙirji, bakan kakanmu na gaske, ya rataya wa Ɗanbaƙo, ya ce daga yau shi ne ɗansa a madadina.

Sunan da suka ba ni a fim wani abu ne da ba na Hausa ba, ba na Fulani ba, ba na kowa ba. Baba ya gwada, harshensa ya ƙi. Ya sake, ya fito kamar sunan maganin tari, masu riƙe da fitila suka tuntsire da dariya. Darakta ya jefar da tawul ɗinsa ya yi magana da sauri. Zainabu ta juya mana maganar.

"Baba, wai a bar wancan. Ka kira shi da sunansa na gaskiya kawai."

Ina kwance, an zuba mini wani jan abu mai danƙo a wuya, rairayi yana gasa mini baya. Amma wallahi da na ji maganar nan sai na manta da zafin. Na runtse ido. Na ce Allah, ashe sai na zo wata ƙasa na mutu za a kira ni. Ban ji kunyar wannan fatan ba a lokacin, kuma yanzu ma ban ji ba.

Aka yi tsit. Na ji takun Baba, na ji gwiwarsa ta taɓa ƙasa, na ji tafin hannunsa mai kaushi a ƙeyata. Rabon da hannun nan ya taɓa ni tun ina ƙaramin da ban iya tunawa. Na jira. Ba abin da nake ji sai numfashinsa da kukan wata akuya can nesa.

Darakta ya daka tsawa aka tsaya. Aka sake. Baba ya zo, ya durƙusa, ya ɗaga kaina, ya yi shiru. Aka sake kuma. Nura ya rugo yana raɗa, "Baba, don Allah, Haruna kawai za ka ce, Ha-ru-na, ka rufa mini asiri." Baba ya ce, "Na san sunan, yaro. Ni na raɗa shi."

Zainabu ta ja darakta gefe tana yi masa bayani. Ina leƙe ta ƙasan ido, na ga yana ɗaga hannuwa sama. Ta dawo ta ce wai ya ce ai wasa ne, ba da gaske ba. Baba ya ce, "Mutuwar wasa ce, bakin nawa ne." Ni kuwa a lokacin haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina, tsohon nan ko gawata ba za ta ci arzikin suna ba.

Ƙarshe darakta ya sauko. Ya ce a bar sunan, za su sa wani ya yi kukan daga baya. A yi na biyun kawai, a cire baka a rataya wa baƙo, a faɗi maganar. Aka koma wuri. Ɗanbaƙo ya durƙusa a gefena, ya sunkuyar da kai yana jira. Na ji hannun Baba ya sauka a kan bakan da ke ƙirjina. Ya tsaya nan. Bai ja ba.

"'Yata," ya ce wa Zainabu, "ki gaya masa wannan ma ba zan yi ba."

Wurin ya rikice. Darakta yana ihu, Nura yana salati. Baba bai ɗaga murya ba, ya jira suka lafa.

"Ki gaya masa daidai, kada ki rage. Yaron nan baƙona ne, kuma yaron kirki ne. In ya zo garinmu zan ba shi ɗaki, in yanka masa gona, in faɗa ya tashi ni zan tsaya a gabansa. Haka ake yi wa baƙo. Amma wannan da ke kwance ni na haife shi. Ranar da ya zo duniya kunya ta hana ni shiga gida, a bayan danga na wuni ina jin kukansa, ban ci ba ban sha ba don murna. Shi ya fara mai da ni mutum. Ba shi da madadi, ba a cikin Turawa ba, ba a cikin gidana ba. Ba zan cire abu daga ƙirjinsa in rataya wa wani ba, yana kwance yana ji na."

Yana ji na. Ya san ina ji. Bai dube ni ba, Zainabu yake kallo, amma hannunsa na kan ƙirjina, kuma na san ya ji yadda zuciyata ke dukan tafinsa. Na kasa buɗe ido. Hawaye suka gangaro ta gefe suka shiga kunnena, gawa tana kuka a gaban kyamara. Zainabu ta juya maganar, kuma ina jin wannan karon ba ta rage ko kalma ba.

Darakta ya ce fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan wurin ya tsaya, in ba za a yi ba a nemo wani tsohon. Baba ya ce Allah ya ba da sa'a. Ya miƙe, ya kwance fatar ya ninke ta da kyau ya miƙa wa mai kayan, ya ce da iska, "A tashi haka nan, rairayin da zafi." Na tashi.

Ba zan ce muku darakta mugu ba ne. Aikinsa yake yi, kuma na ji sun samo wani dattijo da ya yi musu yadda suke so. Ɗanbaƙo ya biyo mu har bakin mota, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya sake cewa "ina kwana". Baba ya juye masa ragowar ƙuli-ƙulin a aljihu. Nura kuwa ko sallama, ya hau wata motar ya riga mu gida da labarinsa.

Muka kamo hanyar gida. A bas Baba yana kallon taga, ni ina kallon ƙeyar direba. Bayan mun wuce Matamai sai na ji abu a wuyana. Baba ne ya jiƙa bakin rigarsa da ruwan buta yana goge mini ragowar jan abin nan da ya bushe a bayan kunne, fuskarsa na kallon waje kamar hannun ba nasa ba. Ban motsa ba har ya gama. A iyaka muka sake samun jandarman nan, ya ce, "A'a, yayan Sale, an dawo?" Na ce an dawo, kuma karon farko sunan bai yi mini ciwo ba.

To, Idi, ga amsarka, tunda kai ka fi kowa ƙaguwa. A'a, bai faɗi sunan ba. Har yau bai faɗa ba, kuma duk wanda ya sake matsa masa ya faɗa, ni da shi ne. Finafinan ma ban daina sakawa ba, gobe akwai wani. Sai dai yanzu in an zo wurin da sarki ke rungume baƙo, ni gawar da ke ƙasa nake kallo.

Da muka iso gida Sale ya fito da gudu ya karɓi kaya. Ya ɗauki baka da kwari ya nufi ɗakin Baba, inda suke rataye tun kafin a haife mu. Baba yana cire takalmi a bakin zaure, bai ko ɗago ba.

"Sale," ya ce, "ba nan ba. Kai ɗakin yayanka."